Tsohuwar Kyamararka Tana Hannuna

Zuwa ga maigidana Nura, mijin da bai taɓa ajiye mini cefane ba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ka tashi lafiya, ina roƙon Allah Ya kai ka Abuja lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da wanda zai yi maka dariya da baki yana auna aljihunka da ido. Amin.

Ka yi haƙuri da rubutun. Na yaƙi da jahilci ne, kuma malamar tamu ta yi aure ta bar mu a tsakiyar littafi. In ka ga harafi ya kwanta, gajiya ya yi. Na sa takardar a jakar sabuwar kyamararka ne don na lura ita kaɗai kake buɗewa a gidan nan ba sai an roƙe ka ba.

Bari in fara sauke maka nauyi. Ka daina zargin yaran maƙwabta, tsohuwar kyamararka tana hannuna. Jiya da kake ɗaga katifa kana rantsuwa a nan ka ajiye ta, ina zaune a tabarma ina tsince shinkafa ina kallonka. Har ka ce, "Tsohuwa, ba ki ga baƙar jakar nan ba?" na ce maka idona ya mutu. Idon da nake zura zare a allura da shi. Na san Ɗanlami, mai ɗaukar fasfo a bakin ofisoshin Nassarawa, zai zo ranar Alhamis ya karɓe ta da katinta da cajarta, kai kuma Asabar ka hau mota. To ba zai karɓa ba sai ka yi mini abu guda. A cikinta akwai hoton marigayi babanka, wanda muke tare da shi a tabarma. Shi nake so a wanke mini a takarda kafin a goge shi.

Ka tuna ranar da ka shigo da sabuwar? Ka jera su biyu a gabana, ka gyara zama kamar mai tallan maganin basir a tasha.

"Tsohuwa, ɗauki ki ji. Ta fi waccan rashin nauyi."

Na ɗauka. Na ce ni duk ɗaya na ji su, kamar ƴan kaji biyu.

"Dubi gilashin bayanta, ya fi faɗi. Waccan sai na manna ido a ɗan rami kafin in ga mutum. Wannan ko daga nesa na riƙe ta, ina ganinki a gilashi kafin in danna."

Na ce to madalla, ka huta da leƙe, dama tun kana yaro aka san ka da shi.

"Kuma ko hannu na rawa, hoto ba ya rawa. Ga kaifi. Tsaya ki gani."

Ka ɗauke ni ban shirya ba, ka yi ta jawo fuskata kusa har na ga giɓina, da jan goro a haƙori, da wasu layuka a gefen ido waɗanda ni kaina ban san na tara su ba. Na ce maka kyamarar da ba ta rufa wa tsoho asiri ba ta da tarbiyya. Tsohuwar aƙalla takan yi mini sassauci.

Kada ka ce na ƙi gaskiya. Sabuwar ta fi. Ta fi gani, ta fi sauri, in ka danna ƙararta ma ta fi daɗin ji. Wanda zai je ɗaukar manyan mutane a ɗakin taro ita ta dace da shi. Inda na tsaya shi ne lokacin da na ce, "To zuba mata hotunan waccan mana." Ka yi dariya, ka zaro katin tsohuwar, mai faɗi kamar akwatin ashana da aka taka, ka zaro na sabuwar, ɗan mitsitsi kamar farcen babban yatsa. Ka ce wannan ba ya shiga ramin wancan. Ko batirin ba ɗaya ba ne. Kamfani ɗaya ya ƙera su, suna ɗaya a goshinsu, amma ba a bar wa ƙanwar wata ƙofa da kayan yayar za su shiga ba. Wanda ya yi haka da gangan ya yi, kuma na san irinsa. Na gan su a Sharada.

Sai na ce to ka kai wancan hoton a wanke mini kafin Ɗanlami ya share katin ya cika shi da fuskokin masu neman aiki. Ka ce:

"Hoton nan ya yi rawa. Fuskarki ma ba ta fito ba, sai ɗankwali. In na kai shi wajen wanki dariya za a yi mini, a ce Nura bai iya aiki ba."

Na ce su yi.

Kana goge gilashin sabuwar da gefen riga, ba ka ko ɗago ba, ka ce, "Ke kuma me za ki yi da shi? Ke da ban taɓa jin kin kira sunansa ba. Ko ranar da ya rasu ba ki yi kuka ba."

Na yi dariya, na ce tashi ka ba ni wuri, mijin banza. Kai ka manta ka faɗa. Ni kuwa maganar tana nan zaune a ƙirjina kamar ƙashin kifi. Ita ta sa na ɗauki biro, don in na ce zan faɗa maka da baki, wasa zan mayar da ita, halina ne.

Na yi wauta a rayuwata, ba sau ɗaya ba. Bari in ba ka daga mai arha.

Lokacin da kamfanin roba ya buɗe a nan Sharada, masu yawo da kaya a ka suka fara shiga gida gida suna musaya: ka ba su tsohon ƙarfe, su ba ka sabon bokiti. Ina da wata tasa ta tagulla da na gada a wajen innata, mai nauyi, baƙa ƙirin don tsufa, gefenta ya lotsa. Mutumin ya jera mini bokiti ja, da shuɗi, da baho mai zanen fure. Ya ce, "Hajiya, wannan ba ya tsatsa, ba ya nauyi, ba ya son sabulu." Ban je Makka ba a lokacin, amma Hajiyar nan ta shige ni. Na miƙa masa tasar har ina jin na cuce shi. Rani bai ƙare ba bahon ya tsage a rana, jan bokitin akuya ta taka. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, robar ba ta yi tsatsa ba. Abin da bai faɗa ba shi ne a cikin tasar nan aka yi mini wankan jego, a cikinta aka yi wa innata. To ka ji. In mutum yana lissafa maka abin da sabo ya fi tsoho, ka saurare shi, yawanci ba ƙarya yake ba. Amma ka dubi ɗayan hannun nasa, ka ga me yake fita da shi daga gidanka.

Ta biyu ta fi tsada. Kakanka Malam yana da gona wajen Challawa, ta gado, mai dawa da rogo, da wata tsamiya a tsakiya. Da aka zo auna ƙasar kamfanoni, ya tsaya yana jan ƙafa. Ni na zuga shi. Na ce, "Malam, kowa ya bayar sai kai? An ce ƴaƴanmu za a fara ɗauka aiki. Ka gaji da fartanya, ni na gaji da ɗakin da ke yoyo." Kwanon rufi nake so a kan ɗakina, kada in ɓoye maka. Na samu kwanon. Yanzu in ka bi ta wajen, inda tsamiyar take akwai wata kwata mai baƙin ruwa, warinta na tarar mutum tun daga titi. Malam har ya koma ga Allah bai sake bin hanyar ba, gara ya yi zagaye. Bai taɓa ce mini ke kika jawo ba. Da ya faɗa da na huta. Saboda haka a Abuja, in aka ce maka kowa ya yi sai kai, ka ce a ba ka ka kwana a kai. Wanda ya ƙi ba ka kwana ɗaya, ya san abin da za ka gano da safe.

Alkawarin aiki kuwa sun cika, ba zan yi musu ƙazafi ba. Babanka ya samu aiki a masaƙa a nan Sharada. Yana saurayi ya shiga, jiniya ke tashe shi, jiniya ke sallamarsa, yana dawowa da auduga a gashin kai kamar ya yi furfura tun kafin lokaci. Ya san injinsa kamar yadda ka san tsohuwar kyamararka, daga ƙara yake gane zare zai tsinke. Sai aka kawo sababbin injuna. Aka tara su aka yi musu bayani irin wanda ka yi mini a tabarma: wannan ya fi sauri, ya fi tsabta, mutum ɗaya ya ishe shi. Duk gaskiya ne. Ba a dai ce musu ina sauran za su je ba. Ranar da aka sallame su, maigadi ya tsaya a bakin get yana karɓe katin shaidar aiki ɗaya bayan ɗaya, yana jefawa a kwali. Hoton babanka guda ɗaya da aka taɓa wankewa a takarda yana jikin katin nan. Sababbin injunan ma ba su yi tsawon rai ba, wuta ta gagara, atamfar waje ta cika kasuwa, yanzu ƙadangaru ne ke gadin wurin. Ina jin kwalin yana can ciki gara tana ci.

Ranar nan babanka ya shigo gida da rana tsaka, lokacin da bai saba dawowa ba. Ina tsakar gida ina tankaɗe. Na ga aljihun rigarsa babu kati, sai ɗan ramin da allurar katin ta bari. Na gane komai. Ka san abin da na ce masa? Na ce, "Kai, akwai tuwo a kwano." Na ci gaba da tankaɗe.

Ga babbar wautar tawa, kuma ita ce ba ka fahimta ba.

Babanka ɗan farina ne. A yadda aka raine mu, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna ta san yana duniya. Kunya ce, kara ce, da ita ake gane ƴar mutunci. Ana yaye shi uwar Malam ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Yana ce mini Yaya, ni ina ce masa Kai. Sauran mata sukan yi dabara, su matse ɗansu a bayan ɗaki in ba kowa, su tura masa nama a ɓoye. Ni kuwa Ladi, mai son a ce ta fi kowa, na riƙe abin har ya wuce yadda aka ba ni shi. In ya faɗi ya fasa gwiwa, sai in ɗaga murya in ce, "Wai ba kowa a gidan nan ne? Yaron wasu yana kuka." Mata su yi dariya su ce Ladi akwai kara. Na ci yabon nan shekara da shekaru, ban taɓa ƙoshi ba.

Ba ina ce maka al'adar banza ce ba. Ita ta hana mu ɓata ƴaƴa, ita ta sa yaro ya zama na gida duka. Amma waɗanda suka koya mini ita ba su gaya mini ranar da ake ajiye ta ba. Na zaci akwai lokaci. Na ce in na tsufa, in ya yi furfurar gaske, wata rana zan zaunar da shi mu yi hira kamar mutane.

Daga masaƙa ya koma majemar fata a Challawa, don ku ci abinci, kai da innarka Binta. Ka ga hannuwansa a lokacin, yadda ruwan jima ya cinye su suka yi fari fat, ka ji tarin da ya kawo gida. Ni daga ɗakina nake jin tarin, in ƙirga shi kamar carbi, in aika Binta da kunun kanwa in ce kada ta ce daga ni ne.

To ranar hoton. Wata Juma'a ce da la'asar, tsohuwar kyamarar tana sabuwa a hannunka, kana ɗaukar duk abin da ya motsa, har akuyar maƙwabta sai da ta samu rabonta. Babanka ya shigo da kekensa yana haki. Inuwa ɗaya ce a tsakar gidan, inda na shimfiɗa tabarmata. Bai taɓa zama a tabarmata ba tun da aka yaye shi. Ranar nan numfashi ya ƙi masa, ya zauna a bakin gefe, ya ce, "Yaya, sannu da gida." Na ce, "Kai, sannu." Sai ga ka ka manna ido a ramin nan ka ce, "Ku tsaya haka." Jikina ya yi abin da ya saba, na kawar da kai. Ka danna.

Ka ce da sabuwar ce da hoton bai yi rawa ba. Ƙarya kake, angona. Rawar ba daga hannunka take ba, daga wuyana take. Ko wadda za a ƙera bayan wannan ba za ta gyara ta ba. Ka dubi gefensa, ai shi ya fito tsaf, har zaren da ya zare a wuyan rigarsa.

Ba ka san na iya kunna ta ba, ko? Ina kallon yatsunka duk lokacin da kake yi. A murɗa na sama, a danna mai ɗan kibiya, a yi ta komawa baya. Mai zanen kwandon shara kuwa ko kusa da shi ba na kai yatsa, na ga abin da yake yi. Na wuce amaren mutane, na wuce masu saukar karatu, na wuce akuyar, na same shi. Gilashin ƙarami ne kamar yadda ka ce, sai na kai shi dab da hanci. Nura, ba kyamara yake kallo ba. Ni yake kallo. Yana ɗan murmushi, irin na wanda ya san za a kawar da kai kuma bai ji haushi ba. Duk shekarun nan da nake juya masa ƙeya, ashe haka fuskarsa take a bayana. Ban taɓa gani ba, ta yaya zan gani? Sai da wannan baƙin akwatin da kake cewa ya tsufa ya tsaya a inda ya kamata idona ya tsaya.

Babanka bai kai damina ba. Ranar da aka fita da shi, mata sun cika ɗakina suna satar kallona, su ga ko Ladi za ta karye. Ban karye ba. Wata ta ce, "Kun ga mace." Kai kana bakin ƙofa, kana gani, ka rubuta a zuciyarka cewa kakarka dutse ce. Ban ga laifinka ba. Abin da na nuna ka ɗauka, kai dama mai hoto ne.

Yanzu ɗan zanen batirin ya ragu, wuta kuwa ka san halinta a unguwar nan, kamfanoni ma ba su samu ba balle ɗakin tsohuwa. Kullum in na kunna sai gabana ya faɗi kada ta mutu a hannuna. Abin da yake cikin kati ba naka ba ne, aro ne. Yau kati ya canja, gobe inji ya canja, jibi wani ya danna kwandon shara. Ka yi ta wanke na mutane don sun biya, na gida ka ce ai muna tare, ko yaushe. Ni ma haka na ce. In ka je can, duk wanda kake ƙauna ka ɗauke shi, ka wanke, ka rataye. Ka riƙa kiran innarka a waya ba sai ta yi maka filashin ba. In Allah Ya ba ka mata, na yafe mata kai, dama ba ka da amfani a wurina. In ta haifi na fari ta ce za ta yi kara, ka bar ta ta yi a gaban mutane, amma in an shiga ɗaki ka ɗora mata shi a cinya ka ce ta kalle shi. Ka ce kakarka ce ta ce, wadda ta fi kowa iyawa.

Ga sharaɗina. Ranar Laraba da hantsi ka samo adaidaita ka zo ƙofar ɗakina. Kada ka wahalar da kanka da bincike, ba za ka taɓa kwallayena ba sai ka bi ta kaina. Tare za mu je Sabon Gari wajen masu wankin, kyamarar tana cinyata a cikin mayafi, ba za ta sauka ba sai a kan teburinsu. A wanke shi babba, a sa masa gilashi. Kada a yanke ni, kada a gyara ni, kada a manna masa furanni ko wani gidan bene a baya irin yadda kuke yi wa mutane. A bar tabarmar, a bar keken, a bar ƙeyata yadda take. In sun yi maka dariya ka nuna musu ni, ka ce ga mai rawar, ni zan ji da su. Takarda na shiga hannuna, kyamara ta shiga naka, Ɗanlami ya zo Alhamis ya ɗauki abarsa ya goge duk abin da ya ga dama. In kuwa ka ƙi, to ka tafi Abuja da mai kaifin idonka, ni in zauna da tawa har batirin ya ƙare, ka san abin da za ka gaya wa Ɗanlami.

Na ga sukan rubuta suna a ƙasan hoto. In mai wankin ya tambaya me za a sa, kada ka faɗa masa da bakinka. Ka nuna masa ƙarshen takardar nan ya kwafa yadda na rubuta, ko harafin ya karkace. Bakina ya riga ya ƙage, na gwada ni kaɗai a ɗaki ya ƙi fita. Hannun ne ya yarda, shi ma sai da na yi ta gwadawa a ƙasa da tsinke ina sharewa da ƙafa kada Binta ta gani.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Allah Ya sa albarka a idonka da abin da kake riƙewa, Ya ba ka abinci mai tsarki, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya haskaka makwancinsu. Ka zo da wuri ranar Laraba, rana tana sa ni jiri.

Ni ce kakarka,

Ladi, uwar Isyaku.